Kashegarin Juma'a

Litinin, 4 ga Agusta, bayan sallar azahar

Na buɗe wannan littafi ne domin a sami abin dubawa idan wata rana aka tambaye ni yadda al'amarin ya faro. Sunana Awaisu, amma a Karaye da Rogo an fi sanina da Malam Ɗan'asabe, saboda ranar da aka haife ni. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina shugaban makarantar firamare, kafin na ajiye aiki. Ina zaune a Unguwar Hajji tare da mai ɗakina Barira da autarmu Radiya, wadda take cikin shekararta ta goma sha shida.

Radiya ba a hannunmu ta tashi ba. Tun da aka yaye ta mahaifiyata, Inna, ta ɗauke ta zuwa Ruwan Bago, can ta zauna har bara, lokacin da na ga ya dace ta dawo gari saboda babbar sakandare. Yayanta Kabir, wanda yake aiki a Kano, ya sayo wayoyi biyu, ɗaya tata ɗaya ta Inna, domin su riƙa jin muryar juna. Wata uku bayan haka Inna ta rasu. Allah Ya jiƙanta.

Makon jiya Barira ta same ni a zaure ta ce, "Malam, yarinyar nan fa tuwo ya kama a gabanta tana yi wa waya murmushi. Kuma ba murmushin karatu ba ne. In ba za ka duba ba, ni zan jefa abin a rijiya."

Jiya Kabir ya zo. Da Radiya ta tafi islamiyya ta bar wayarta a caji, ya haɗa manhajar hirarta, wadda suke kira wasap, da tawa wayar, ta yadda duk abin da ya shiga wurinta zan gani. Ban ji daɗin yin haka a ɓoye ba. Amma uba ne ni, kuma domin yarinyar nake yi.

Talata, 5 ga Agusta, da la'asar

Na karanta abin da ya sawwaƙa. Hirarta da ƙawarta Siddiqa duk a kan ɗinki ce da wata malamar lissafi da suke tsoro. Zauren 'yan ajinsu babu abin ashsha sai rashin iya rubutu. Babu saurayi. Na gaya wa Barira, ta ce, "To wa take yi wa murmushin? Ni?"

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Akwai hira ɗaya da na tsallake jiya, domin na ɗauka tsohuwa ce. An rubuta "Innata" a samanta. Yau ina riƙe da wayar sai na ga hirar ta hauro sama.

Saƙon ya ce, "Ƙawata, kin karya kumallo?"

Haka Inna take kiranta. Na duba lambar sau uku. Na san ta, domin ni na raka aka yi mata rajista.

Laraba, bayan magariba

Na kira lambar. An ce a kashe take.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Ya sake zuwa, kusan daidai lokacin jiya. Na lura da cewa lokacin ne Inna take dawowa daga tatsa. Radiya ta ba da amsa da dogon bayani, har da labarin kazar da ta ƙyanƙyashe a bayan murhu. Aka ce mata, "Madalla. Ki rufe su saboda shirwa."

Inna ba ta yi boko ba. Ko da wayar take hannunta, murya take aikawa, ita ma sai an danna mata. Wannan kuwa rubutu ne mai tsabta, babu kuskure ko ɗaya, har ƙugiyoyin haruffa suna inda ya kamata. Na yi shekaru ina gyara rubutun yara, ban cika ganin irinsa ba.

Ban gaya wa Barira ba tukuna.

Asabar, 9 ga Agusta, da la'asar

Na je Fulatan wurin ƙanwata Zaituna, domin ita ta ɗauki kayan ɗakin Inna. Bayan mun gaisa na tambaye ta wayar.

Ta ce, "Yaya, duk shanun da aka bari ba ka tambaya ba, sai waya? Ko ka fara talla ne?"

Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani ƙyalle. Wayar tana ciki, batirinta ya kumbura har murfin ya ɗage. Na sa ɗan tsinke na zaro layin. Yana nan. Yanzu haka yana cikin aljihun rigata, a naɗe cikin takarda.

Na kira Kabir a hanya. Ya ce, "Baba, wannan ba komai ba ne. In layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana sayar wa wani da lambar. Wani ɗan damfara ne ya samu, ya ga yarinya tana rubutu, ya biye mata. Ka toshe shi kawai."

Bayaninsa ya shiga hankali. Na ce masa zan ɗan ƙara lura tukuna, domin mu san me mutumin yake nema.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan azahar

Na gaya wa Barira. Ta yi salati, ta zauna a kan turmi. Daga baya ta ce a karɓe wayar yau. Na ce idan muka karɓa, yarinyar za ta ari ta wani, mu kuma mun rufe tagar da muke leƙe. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne fa ka fi ta riƙon wayar yanzu."

Domin yarinyar nake yi.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Yau murya aka aiko. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa kafin na saurara. Babu magana a ciki. Daƙiƙa arba'in da ɗaya, ƙarar maburgi ce kawai a cikin ƙwarya, ana burga nono. Akwai inda ake tsayawa kaɗan, kamar mai yin ya gaji da hannu, sannan a ci gaba.

Ta taga na hangi Radiya a gindin darbejiya, ta kara wayar a kunne, idonta a rufe.

Na saurara sau tara. Na ƙirga ne domin a sami cikakken bayani.

Laraba, 13 ga Agusta

An yi ruwa tun asuba. Babu saƙo.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Ga abin da aka rubuta, kalma da kalma: "Ƙawata, ina son ganinki a gida. Ba wannan makon ba, na sama. Ki zo kashegarin Juma'a. Kada ki gaya wa wancan."

Wajibi ne in yi bayani a nan, domin wanda bai san gidanmu ba ba zai ga komai a cikin wannan saƙo ba. Ni ne ɗan farin Inna. A wurin mutanenmu na ruga, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Wasu suna sassautawa idan ɗan ya girma. Inna ba ta sassauta ba. Shekara sittin da bakwai ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana son in sha fura, sai ta dubi ƙofa, ko wani da ke kusa, ta ce, "A ce wa wancan ga fura nan." Ko ranar Asabar ba ta ambata, domin sunana yana ciki. Kashegarin Juma'a take cewa. Zaituna takan tsokane ta da cewa ko asabarin da ke rataye a ƙofar ɗakinta ba ta iya faɗa, sai dai ta ce a sauke abin ƙofar nan.

Ɗan damfara yana iya sanin sunan kaza. Ban san yadda zai san wannan ba.

Radiya ta amsa da cewa, "To, Inna."

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Na sami Malam Maharazu, limamin unguwarmu, na ba shi labari a taƙaice, ban ambaci sunan yarinyar ba. Ya ce wanda ya rasu ya tafi, ba ya dawowa ya yi hira da kowa, kuma duk abin da ya zo da kamarsa ko dai mutum ne mai mugun nufi ko abin da ake neman tsari daga gare shi. Ya ce a yawaita karatu a gida, a kuma tsare yarinyar. Na san duk wannan. Ni ma haka zan gaya wa wani.

Asabar, 16 ga Agusta

Ban fita ba.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan azahar

Na yi kuskure, kuma zan rubuta shi yadda ya faru.

Da hantsi, bayan an aiko da gaisuwar da aka saba, na ga ya kamata in yi magana da mutumin a matsayina na uba. Na rubuta cewa, "Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon mai wannan lamba ya bayyana kansa, ya kuma ji tsoron Allah game da 'yar mutane." Na aika. Sai da ya tafi na tuna da abin da Kabir ya gargaɗe ni a kai: duk abin da na rubuta daga nan, da sunan Radiya zai fita, kuma a wayarta zai bayyana.

An karanta nan take. Na zauna ina jira. Ba a amsa mini ba.

Can bayan kamar minti goma sai ga saƙo. Ba ni aka yi wa ba. Aka ce, "Ƙawata, ki ce wa mai karanta mana hira ya riƙa cin abinci. Ya rame."

Na ajiye wayar a kan tabarma. Ban iya tashi ba sai da aka kira salla.

Litinin, bayan magariba

Radiya ta yi sallama a ƙofar ɗakina, ta durƙusa nesa da ni. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Baba, tun yaushe?"

Na ce, "Tun farkon wata."

"Har hirata da Siddiqa?"

"Har ita."

Ta sunkuyar da kai. Na ce mata, "Radiya, kin san Inna ta rasu."

Ta ce, "Na sani, Baba. Ai sai da aka rufe ta aka kai ni. Da ta kwanta ciwo na ce a kai ni, kuka ce in bari sai na gama jarrabawa."

Haka aka yi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Na tambaye ta wa take rubuta wa. Ta ce da farko ba kowa. Tun bayan rasuwar take rubutawa kullum, ta san ba ya isa ko'ina, amma takan ji sauƙi. Sai ranar wata Laraba cikin azumi ta ga alamar an karanta. Na ce ko a cikin rubuce-rubucen nata ta taɓa ambaton yadda Inna take kiran Asabar, ko yadda take kirana. Ta yi tunani ta ce, "Ban tuna ba. Wataƙila. Na rubuta abubuwa da yawa." Tsofaffin saƙonnin kuwa ta goge su da wayar ta cika.

Na ce ba za ta je ba. Ta ce, "To." Irin "to" ɗin da ta rubuta wa lambar.

Laraba, 20 ga Agusta, da la'asar

Barira ta ce a kulle ƙofar gida ranar Asabar, ta riƙe makullin a ɗaure a zaninta. Na ce Asabar ba ɗaya ba ce a shekara, kuma ba za mu kulle ta har abada ba. Na yanke shawarar za a je, amma da ni, da Kabir, da rana tsaka, kuma za a sanar da mai unguwar can. Idan mutum ne, a gan shi. Barira ta ce, "Idan kuma ba mutum ba ne fa?" Na ce mata kada ta riƙa irin wannan magana a gaban yarinya.

Na ci abinci yau. Na cinye duka.

Juma'a, 22 ga Agusta, da hantsi

"Gobe ne, ƙawata." Shi ke nan.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Mun dawo. Zan rubuta abin da idona ya gani, ba abin da na zata ba.

Mun isa Ruwan Bago da hantsi a motar Kabir, muka bar ta a bakin hanya muka taka. Rabona da wurin tun sadakar arba'in. Babu kowa a rugar yanzu, an tashi da shanun. Wani maƙwabci ya shuka dawa har cikin tsakar gidan, ta fi mutum tsayi, sai da muka riƙa ture ta da hannu. Ɗakunan duk sun zube, sai na Inna.

Mai unguwa ya ce babu wanda yake zuwa wurin, don yara ma ba sa bi ta nan.

Ƙofar ɗakin a share take. Ciki ma a share, babu ko yanar gizo. Radiya ta tsuguna tana kallon sawun tsintsiyar ta ce a hankali, "Da hagu aka yi sharar nan." Inna bahaguwa ce.

A daidai lokacin Kabir ya ƙwala mini kira daga bayan ɗakin. A cikin laka akwai sawun mashin sabo, ya shigo ta cikin dawar ya tsaya, ya juya ya fita ta wata ƙaramar hanya da ke gangarawa daji. Akwai sawun takalmin maza, ba na mutum ɗaya ba. Kabir ya ce, "Baba, ka gani? Ka gani ko? Da ita kaɗai ta zo fa?" Mai unguwa ya cire hularsa ya mayar.

Sai wayar Radiya ta yi ƙara, tawa ma ta yi a aljihu. Saƙon ya ce, "Ke kaɗai na ce. Me ya kawo wancan?"

Radiya ta karanta, ta sake karantawa. Sai ta miƙe ta ce, "Wannan ba Inna ba ce."

Kabir ya ce, "Sai yanzu kika sani, sarauniyar wayo?"

Ba ta kula shi ba. Ni ta kalla. Ta ce, "Baba, duk ranar Asabar Inna takan dama fura ta musamman, ta ɗauki tabarma ta koma can gindin ɗorawa, inda ake hango hanyar Karaye. In na tambaye ta sai ta ce iska take sha. Sai magariba take tashi, ta ba ni furar in shanye. Tun ina ƙarama haka take yi. Wadda take yin wannan ba za ta ce me ya kawo ka ba."

Ta miƙa wa Kabir wayar da hannunta ta ce ya toshe lambar.

Ban san da zancen ɗorawar ba. Sau biyu ko uku nake zuwa a shekara. Na ɗauka zuwan nawa takura mata yake yi.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan azahar

Mun kai rahoto inda ya kamata, mun ba da lambar da hoton sawun mashin. An ce za a bincika. Kabir ya canza wa Radiya layi, ya raba wayarta da tawa a gabanta. Na ba ta haƙuri a kan karatun ɓoye da na yi, ban ba ta haƙuri a kan dalilinsa ba. Ta ce ta fahimta. Yau na ji ta tana dariya da mahaifiyarta a madafi, dariya ta gaskiya. Alhamdu lillahi. An kuɓutar da yarinyar, wanda shi ne abin da aka nema tun farko.

Talata, 26 ga Agusta, da hantsi

Lambar tana cikin wayata tun ranar da na kira ta. Na buɗe ne domin in goge.

A saman shafin, wanda babu komai a cikinsa, na ga ɗigon nan uku da suke motsi idan wani yana rubuto maka saƙo. Suka yi ta motsi. Suka tsaya. Suka sake farawa. Babu abin da ya shigo.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Haka ma yau. Kusan rabin sa'a.

Alhamis, 28 ga Agusta, da hantsi

Na san sawun mashin na gani da idona. Na san abin da liman ya faɗa. Na san cewa mai mugun nufi, idan ya rasa 'ya, yana iya juyowa kan uba, kuma yanzu ya san inda zai taɓa.

Amma da ɗan damfara ne, da ya rubuto. Me zai hana shi? Wanda yake farawa ya goge, ya fara ya goge, kwana uku, ya kasa aiko da kalma ɗaya zuwa gare ni kai tsaye, mutum ɗaya na sani mai irin wannan hali.

Ban goge lambar ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan la'asar

Ɗazu na sami kaina ina tambayar wani mai mashin nawa zai kai ni Ruwan Bago gobe da safe. Sai da ya faɗi kuɗin na ji abin da bakina ya furta. Na ce masa na fasa, na dawo gida.

Na kira Radiya da mahaifiyarta zaure. Na miƙa wa Radiya wayata na ce ta haɗa ta da tata, kamar yadda aka yi mata, amma wannan karon a bayyane. Ta ce, "Baba, ni zan riƙa karanta hirarka?" Na ce ita ce ta gane abin da mu manya muka kasa ganewa. Ta haɗa.

Saboda haka, ga roƙona ga iyalina da duk wanda wannan littafi ya isa hannunsa, kuma na rubuta shi ina cikin hankalina. Radiya ta riƙa duba wayata kowace safiya, kuma duk abin da ta gani ta gaya wa mahaifiyarta da yayanta, ko da na hana ta. Barira ta riƙe makullin zaure daga asubahin gobe har magariba, da kowace Asabar bayanta, sai ranar da hukuma ta ba mu amsa. Zaituna da mai unguwar Ruwan Bago, idan aka gan ni a kan hanyar ɗorawa ni kaɗai, a tare ni a mayar da ni gida, kada a ji nauyin furfurata. Idan na ce iska zan sha, kada a yarda.

Ina neman haɗin kan kowa a kan wannan, tare da godiya. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.

Awaisu Ɗan'asabe,
Unguwar Hajji, Karaye.